Dodon Da Ke Tsakiyar Zane

A garin Chartres na ƙasar Faransa, kimanin kilomita 90 daga Paris, akwai wata babbar majami'a wadda aka sake ginawa bayan gobarar shekara ta 1194. A daɓenta, wurin da jama'a suke zama, magina sun shimfiɗa wani zane da farin dutse da baƙi a farkon ƙarni na 13. Zanen kewayayye ne, faɗinsa ya kusa mita 13. Ƙofarsa ɗaya ce, hanyarsa ma ɗaya ce, amma hanyar tana murɗewa tana komowa cikin zobba 11, har wanda ya bi ta daga ƙofa zuwa tsakiya sai ya taka fiye da mita 260. Ba a ɓata a cikinta, gama ba ta da mararraba. Turawa suna ce da irin wannan zane labirint. Yawancin kwanaki kujeru ne a kansa. Amma ranar Jumma'a, daga lokacin azumin da ke kafin Ista har zuwa wajen ƙarshen Oktoba, ana kwashe kujerun, sai a ga baƙi daga ƙasashe dabam dabam suna bin hanyar sannu a hankali, waɗansu ba takalmi, waɗansu da hawaye.

Abin bai tsaya a Faransa ba. Yanzu akwai dubban irin wannan zane a harabar majami'u, da asibitoci, da makarantu, da gidajen kurkuku, musamman a Amurka da Turai. Ya iso Afirka ma, har akwai ɗaya a harabar babbar majami'ar Anglikan ta Cape Town. Masu koyar da shi suna cewa addu'a ce da ake yi da ƙafa. Sun raba tafiyar kashi uku. A shiga, mutum ya saki damuwarsa. A tsakiya, ya tsaya ya karɓi abin da za a ba shi. A fita, ya komo duniya da abin da ya samo. Suna kuma ƙara magana biyu waɗanda suke sa kayan ya yi kasuwa: wai tsohuwar hanyar addu'ar Kirista ce da aka manta da ita aka sake tonowa, wai kuma tana yi wa kowa aiki, ko wane addini yake bi, ko ma ba ya bin kowane.

Tun da yake abin da aka yi a San Faransisko da safe yana cikin wayar ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki da yamma, bai kamata dattawan ikkilisiya su jira sai an zo neman izinin jera duwatsu a harabar majami'a kafin su san abin da za su ce ba. Maganar farko ƙarya ce. Ta biyu kuwa, in gaskiya ce, ita ce babban dalilin da zai sa mai bi ya ja da baya.

A fara da tarihin na kusa, domin shi ne masu tallar ba su cika tsayawa a kansa ba. Wannan al'ada kamar yadda ake yin ta yau ta fara ne a shekara ta 1991. Wata malamar Ikkilisiyar Episkopal mai suna Lauren Artress, wadda take aiki a majami'ar Grace ta San Faransisko, ta fara taka irin wannan zane a wani taron da Jean Houston ta shirya. Ita Jean Houston marubuciya ce mai koyar da cewa akwai ɓoyayyen iko a cikin ɗan adam wanda za a iya farkar da shi, taron nata kuwa ba na ikkilisiya ba ne. A wannan shekara Artress ta tafi Chartres da abokan tafiya, suka tarar da kujeru a kan zanen, suka kawar da su da hannunsu, suka taka. Ita da kanta ta ba da wannan labari. Da ta koma gida aka zana irinsa a kan babban tanti aka shimfiɗa a majami'arsu. A 1995 ta buga littafin da ya watsa abin, ta kuma kafa ƙungiyar Veriditas mai horar da masu jagorar tafiyar. Mai karatu ya lura da kujerun nan. Da a ce bin zanen shi ne addu'ar da masu bi na Chartres suka gāda kaka da kakanni, da ba a iske shi a ƙarƙashin mazaunan jama'a ba.

To, ina zanen ya samo asali, me kuma magina na dā suke nufi da shi?

Zanen ya girmi bishara nesa ba kusa ba. An same shi a bayan wani allon yumɓu a Pilos ta ƙasar Girka wanda ya kai shekara 1200 kafin haihuwar Almasihu. Mutanen Kinosos a tsibirin Karita, tsibirin nan da Bulus ya bar Titus, sun riƙa buga shi a kan kuɗinsu. Tatsuniyar da ke tafe da shi ita ce ta Minos sarkin Karita, wanda ya sa aka gina wani kurkuku mai murɗaɗɗun hanyoyi, aka kulle wani dodo a tsakiya, rabinsa mutum, rabinsa bijimi. Mutanen Atina suna aika da samari 7 da 'yan mata 7 a jefa masa ya ci. Sai wani jarumi, Tesiyus, ya shiga cikin waɗanda za a jefa. 'Yar sarki ta ba shi curin zare, ya ɗaura a ƙofa, ya bi har tsakiya, ya kashe dodon, ya bi zaren ya fito da waɗanda aka ƙaddara wa mutuwa.

Kasancewar zanen na arna ne tun asali bai isa ya zama hujja a kansa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da Kirista suka yi da shi sa'ad da suka ɗauke shi. Mafi tsufa da aka sani a cikin majami'a a Afirka yake, a majami'ar Reparatus da aka kafa a shekara ta 324 a garin da yanzu ake kira Shalif a Aljeriya. Girmansa bai wuce mita 3 ba, watau na kallo ne, ba wanda zai iya yawo a cikinsa. A tsakiyarsa an jera haruffan Latin waɗanda ko ta ina aka karanta suna ba da Ikkilisiya Mai Tsarki. A Lucca ta Italiya akwai wani ɗan ƙarami da aka sassaƙa a jikin ginshiƙin ƙofar majami'a, rubutun da ke gefensa kuwa labarin Tesiyus da zaren yake bayarwa. Masu zaman zuhudu da suke kwafar littattafai da hannu sun riƙa zana shi tun ƙarni na 9, sau da yawa da dodon zaune a tsakiya. A Chartres ɗin kanta akwai faifan tagulla a tsakiyar zanen. Wani mutumin garin da ya rubuta tarihinsa a ƙarni na 17 ya ce hoton Tesiyus da dodon ne a jiki. An ɓamɓare faifan a 1792, zamanin juyin juya halin Faransa, lokacin da ake neman ƙarfe domin yaƙi. Saboda haka baƙon da ya tsaya yau a tsakiyar zanen ya rufe ido yana jiran saƙo, a kan gurbin dodo yake tsaye, bai sani ba.

Me ya kawo dodon Girkawa cikin ɗakin sujada? Malaman Kirista na wancan zamani sun karanta tatsuniyar kamar misali. Murɗaɗɗiyar hanya ita ce duniyar zunubi da mutuwa, wadda mutum yake shiga ya kasa fita. Dodon shi ne Shaiɗan. Jarumin da ya shiga a madadin waɗanda aka yanke wa hukunci, ya kashe maƙiyi, ya fito da su, shi ne Almasihu. Wani masanin tarihin kiɗa na jami'ar Yale, Craig Wright, ya bi wannan sawu dalla dalla a littafin da ya buga a 2001. Abin da rubutattun shaidu suka nuna ana yi a kan zanen ma ya dace da wannan fassara. A majami'ar Auxerre, a lokacin Ista, shugaban limamai yakan ɗauki ƙwallo ya shiga zanen yana rawa, sauran suna riƙe da hannun juna suna kewaye shi da waƙar tashin Almasihu daga matattu, ana jefa ƙwallon ana cafewa. Akwai dokar wannan biki tun 1396, aka hana shi a 1538. Murna ce ta taron jama'a a kan nasarar da wani ya ci musu. Ba wanda ya shiga shi kaɗai yana neman kansa.

A waɗansu wurare ma abin bai kai haka ba. A Amiens, dutsen tsakiyar zanen da aka shimfiɗa a 1288 sunayen magina da na bishop ɗin da ya fara ginin yake ɗauke da su, kamar yadda akan manna allo a bangon sabuwar majami'a. A Reims hotunan magina ne a kusurwoyinsa, limaman wurin kuwa suka sa aka fasa shi a 1779 domin yara suna guje-guje a kansa lokacin sujada. Duk fasto da ya taɓa korar yara daga bayan mumbari zai gane halin da suke ciki. Labarin da aka fi yayatawa, wai masu tuba sukan bi hanyar a kan gwiwa maimakon tafiya Urushalima, ba shi da shaida daga zamanin da aka gina waɗannan majami'u. Sunan nan na hanyar Urushalima sai a ƙarni na 18 ya fara bayyana a rubuce, shekara ɗari biyar bayan magina sun koma ga Ubangiji.

Har matakan nan uku aro ne. Tsarkakewa, da haskakawa, da zama ɗaya da Allah, kalmomi ne da masu zuhudu na dā suka yi amfani da su domin bayyana tafiyar rai ta dukan rayuwa, da tuba, da azumi, da biyayya, da shekaru na jira. Yanzu an cusa su cikin yawon rabin sa'a.

Ga inda maganar take da nauyi. An riƙe zanen, an juya ma'anarsa. Dā Almasihu ne mai shiga, yanzu mutum ne. Dā abin da ke tsakiya maƙiyi ne da za a kashe, yanzu an ce tsakiyar tana nuna can cikin zuciyar mutum, inda zai sadu da hasken da ke cikinsa. Littafi Mai Tsarki kuwa bai yi wa zuciyar mutum irin wannan yabo ba. Annabi Irmiya ya bayyana ta da cewa ta fi kome ruɗi (Irmiya 17:9). Yesu ya lissafta abubuwan da suke fitowa daga cikinta, da mugun tunani, da kisankai, da zina, da hassada, da girmankai, ya ce su ne suke ƙazantar da mutum (Markus 7:21-23). Magina na dā, da duk tatsuniyarsu ta aro, sun fi malaman yau kusa da wannan gaskiya, gama sun san wanda yake zaune a tsakiya. Wanda aka koya wa ya shiga can shi kaɗai ya kuma amince da duk muryar da ya ji, an tura shi ɗakin dodo ba zare ba takobi. Manzo Yahaya ya gargaɗi masu bi su gwada ruhohi kafin su gaskata su (1 Yahaya 4:1). Da me mai tafiyar zai gwada, tun da yake an riga an faɗa masa cewa ba daidai ba kuskure a cikin abin da kowa ya ji?

Sai magana ta biyu, wai zanen yana yi wa kowa aiki ko da wa yake kira. Mai bi Bahaushe ya san wannan harshe, ba sai an fassara masa ba. Haka ake tallar laya. Mai sayar da ita ba ya tambayar halin mai saye, ba ya tambayar ko ya tuba, ko ya biya bashin maƙwabcinsa. Ƙarfin yana cikin abin: a rubuta hatimi daidai, a naɗe daidai, a ɗinke a fata, a rataya. Mai bugun ƙasa ma zane yake yi a kan rairayi, ya ce amsa tana cikin layukan. Akwai tsofaffi a ikkilisiyoyin ƙasar Hausa waɗanda suka tsinke layu daga wuyansu da damatsansu suka ƙone a gaban jama'a ranar da suka ba da gaskiya, waɗansu suka rasa gādo, waɗansu aka ƙwace musu mata saboda haka. Abin da suka shaida da wannan wuta shi ne cewa taimako yana wurin Allah mai rai wanda ake roƙo cikin sunan Yesu, ba a ɗaure shi cikin wani siffa ko lissafi. In jikokinsu suka shimfiɗa hatimi mai mita 13 a ƙofar majami'a suka ce lissafin zobbansa yana jawo salama, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Zuwansa daga Faransa bai sāke kome ba. Waɗansu masu koyarwar ba su ɓoye ba ma, suna maganar lissafi mai tsarki da ƙarfin da ke fitowa daga ƙasa.

Ko abin da Allah da kansa ya umarta yakan iya zama tarko. Macijin tagulla da Musa ya yi a jeji da umarnin Ubangiji aka yi shi (Littafin Ƙidaya 21). Da mutane suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi, Littafi kuwa ya yaba masa (2 Sarakuna 18:4). Balle zanen da ba annabi ko manzo da ya taɓa ambatarsa. Sa'ad da Basamariya ta tambayi Yesu wurin da ya kamata a yi sujada, ko dutsensu ko Urushalima, ya ɗauke maganar daga kan wuri gaba ɗaya ya mai da ita kan Ruhu da gaskiya (Yahaya 4). Haikalin Urushalima ma yana da tsakiya, wuri mafi tsarki, da farfajiya bayan farfajiya kafin a kai gare shi. Ranar da Yesu ya mutu labulen ya tsage daga sama har ƙasa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta gina dukan gaba gaɗin mai addu'a a kan wannan (Ibraniyawa 10:19-22). Wanda aka buɗe wa ƙofa kai tsaye, me zai sa ya zana wa kansa zobba 11?

Za a ce, ai majami'a cike take da abubuwan taimako: ƙararrawa, da gicciye a bango, da durƙusawa. 'Yan'uwa Katolika ma suna bin Hanyar Gicciye da ƙafa, tasha 14. Gaskiya ne. Amma ko wanda bai yarda da kowace tasha ba ya san cewa a kowace ɗaya ana tsayawa ne a tuna da shan wuyar Almasihu, ana karatu, ana addu'a da sunansa. Gicciyen bango yana faɗar abu ɗaya, ba ya yarda a sa masa wata ma'ana. Zanen nan kuwa bebe ne, bebancinsa ne ma ake yabo, domin kowa ya zuba masa abin da ya ga dama. Na Aljeriya da ya shekara 1700 ya fi shi, gama aƙalla akwai kalma a tsakiyarsa.

A nan sai a ja kunnen wani sashe na masu bi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai waɗanda da sun ga hoton zanen za su ce ƙofar aljannu ce, duk wanda ya taka sai an yi masa addu'ar kuɓuta. Wannan ma ba da gaskiya ne ga ikon zane, ta ƙofar baya. Bulus ya faɗa wa Korantiyawa cewa gunki ba kome ba ne (1 Korantiyawa 8:4). Dutse dutse ne. Yaran Reims da suka yi tsere a kansa ba abin da ya same su. Mai bi da ya je Chartres yawon buɗe ido ya bi hanyar yana yaba gwanintar magina bai yi zunubi ba. Laifin yana cikin alkawarin da aka rataya wa zanen, da koyarwar da ake sayarwa tare da shi.

Tafiya da addu'a kuwa ba sabon abu ba ne, ba kuma mallakar kowa ba. Ishaku ya fita saura da maraice domin ya yi tunani (Farawa 24:63). Yesu yakan tashi da asuba ya tafi inda ba kowa (Markus 1:35). Almajirai biyu a hanyar Imuwasu da ƙafa suke tafiya sa'ad da zuciyarsu ta yi zafi, abin da ya hura wutar kuwa shi ne Littattafan da aka buɗe musu. Macen da take zuwa rijiya da tulu tana maimaita ayar da ta haddace, da manomin da yake tafiya gona kafin rana ta fito yana ambatar 'ya'yansa ɗaya ɗaya a gaban Allah, da mai bishara da yake taka kilomita 10 zuwa ƙauye yana roƙo domin mutanen da zai tarar, duk sun daɗe suna addu'a da ƙafa. Hanyarsu tana kai su wani wuri, akwai kuma mutum a ƙarshenta.

Sauran tambaya ɗaya wadda bai kamata ikkilisiya ta kauce mata ba: hawayen nan na masu bin zanen fa? Ba na ƙarya ba ne. Mutumin da ya shekara goma bai yi shiru na minti ashirin ba, in aka karɓe wayarsa, aka sa shi ya yi tafiya a hankali ba mai yi masa magana, baƙin cikin da ya danne zai taso, ko a kan zane yake ko a bakin tafki. Shirun ne ya yi aikin, zanen ya karɓi ladan. Wannan kuwa ƙara ce a kan majami'u da yawa. Sujada takan kai sa'a uku, amsa-kuwwa a buɗe har ƙarshe, sanarwa ta fi karatun Littafi tsawo, baiko biyu ko uku, addu'a kowa yana ɗaga murya ya fi na kusa da shi. Gwauruwar da ta zo da nauyi a zuciya takan koma da shi, ba ta sami ko minti biyar na zama shiru a gaban Ubangiji ba. Irin waɗannan mutane ne za su fara cire takalmi ranar da wani ya shimfiɗa tanti mai zane ya ce musu su zo su huta. Hana su kawai ba zai ƙosar da su ba.

Saboda haka dattijon da aka zo wa da wannan roƙo yana da aiki biyu. Ya zaunar da mai roƙon, wanda sau da yawa saurayi ne mai himma da ya karanta abu ya ji daɗinsa, ya tambaye shi wa ya ce masa tsohuwar al'adar ikkilisiya ce, a wace shekara, me kuma yake jikin faifan da aka cire a 1792. Sa'an nan ya kai maganar gaban majalisar dattawa, a duba ko za a bar ƙofar majami'a a buɗe da asuba da kuma bayan faɗuwar rana, ba ganga ba amsa-kuwwa, a ajiye Littafi Mai Tsarki a kan benci, a kuma sa dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumuntar mata su zauna a baya, saboda wanda zai so a yi addu'a tare da shi kafin ya tafi gida.